Hayaƙi a Falon Baba

Auta tana kicin tana ɗauraye kofuna ta ji wata ƙara daga falo. Ba ƙarar kiɗa ba ce, wani gurnani ne mai kauri da ya sa gilashin taga rawa. Daga nan sai ɗas, sai shiru. Kafin ta ajiye kofin da ke hannunta ƙaurin roba ya iso inda take.

Abu ɗaya ne a gidan nan zai iya wannan ƙara, kuma shi ne abin da aka hana kowa taɓawa.

Ta fito hannunta duk kumfa. Manaja, sabon mai neman aurenta, ta gani tsugune a bayan kabad ɗin Baba, wuƙar yanka albasa a hannu ɗaya, guntuwar waya a ɗayan. Gwaggo tana kan doguwar kujera ta dafe ƙirji. Wani siririn hayaƙi yana tashi daga bayan sabuwar lasifikar da ke hagu, ita kuma koriyar fitilar da ke goshin amfilifayar Baba, na'urarsa ta ƙara ƙarfin sauti, ta mutu.

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin tashin hankali a tsohon ƙarfe. To, wannan tsohon ƙarfen ya girmi Auta da shekara goma sha uku. Baba ya saye shi tun yana sabon ma'aikaci a gidan waya, kuma tun da mahaifiyar Auta ta rasu ya fi yin hira da shi a kan mutane. Kullum da safe da hankicinsa yake goge shi. Ko ƙuda ya sauka a kai sai ya ji faɗa.

A kan wannan amfilifaya ce kuma auren Auta ya tsaya cak.

Shekara guda Mai Rediyo, wani mai shagon gyaran kayan sauti, yana zuwa wajenta da sanin Baba, har an fara maganar manyansa su zo. Wata biyu da suka wuce Baba ya fara ƙorafin cewa sautin ɓangaren hagu ya yi rauni, ya sa aka kira shi. Ya wuni a kanta, ya buɗe, ya goge, ya auna kowace waya. Da yamma, abokan Baba uku suna zaune, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Baba, na'urar nan lafiyarta ƙalau. Ina ganin kunnen ne ya kamata likita ya duba."

Baba ya ce, "Me ka ce?"

Dole ya maimaita da ƙarfi. Ɗaya daga cikin abokan ya kasa riƙe dariyarsa.

Duk gidan an san gaskiya ya faɗa, shekara biyu ke nan ana ɗaga murya ana yi kamar ba a ɗaga ba. Amma gaskiya ɗaci gare ta, balle a gaban mutane. Baba ya ce ya tattara kayansa, kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Ita kuwa Auta ya ce mata, "Ke ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce ke, ban ce ki auri kowa ba. Wanda ya kira ubanki kurma dai, ban yarda ba."

Gwaggo, yayar Baba, dama kamar jira take. Kafin sati ya zagayo ta kawo Manaja, ɗan ƙawarta, mai kula da wani gidan mai, mutumin da turarensa ke riga shi sallama. Zuwansa na biyu ya ce, "Baba, ai kunnenka ya fi nawa ji. Lasifikokin nan ne suka tsufa." Shekaranjiya ya zo da sababbi guda biyu a kwali. Baba ya yi murna, amma ya ce a bar su sai ya samo wanda ya san aiki. Yau da ya tafi asibiti awon hawan jini, Manaja ya ga damar burge suruki ta samu.

"Baba ya ce kada a taɓa," in ji Auta.

"Ai ba wani abu ba ne," Manaja ya miƙe yana karkaɗe gwiwar wandonsa, zufa na bin wuyansa. "Yadda tsofaffin suke haka na yi. Ja a ja, baƙi a baƙi. Wayar ce ta zo da wani kai da ba ya shiga, na yanke shi. Ina jin wutar unguwar nan ce ba ta da kyau."

Ya danna maɓallin amfilifayar, ya sake dannawa. Ko ƙyas.

"Ina tsofaffin lasifikokin?" Sai yanzu ta lura wurinsu babu komai.

"Suna but ɗin motata. Na ce in rage muku shirgi." Ya laluba aljihu ya ciro waya, wadda babu wanda ya ji ta yi ƙara. "Bari in je in samo mai gyara. Gwaggo, zo mu je, kin fi ni sanin unguwar."

Ya yi gaba da sauri. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta kamo hannun Auta ta matse.

"Ki saurare ni da kyau. In mun samo mai gyara, shi ke nan. In ba mu samu ba, ba wanda ya taɓa komai. Kunnawa aka yi ta yi hayaƙi. Wa ya buɗe cikinta na ƙarshe?"

Auta ta ɗago ido.

"Gwaggo, wata biyu ke nan tana aiki lafiya."

"Babanki bai san wannan lissafin ba. Da kansa zai ce aikin yaron nan ne, ke dai ki ja bakinki ki yi shiru."

"A shafa masa kashin kaji ke nan? Baba zai je har shagonsa, a gaban mutane. Sana'arsa ke nan, Gwaggo."

"To ki zaɓa. Ki gaya wa babanki cewa mutumin da ya yarda da shi ya ƙona masa kaya, jininsa ya hau ya faɗi a gabanki, ki ɗauki alhakin. Ni dai ƙanina ɗaya ne ya rage min a duniya." Ta saki hannun. "Ki buɗe tagogi ƙaurin ya fita."

Motar ta tashi. Auta ta kalli agogon bango, uku da kwata. Baba ya ce zai dawo ƙarfe biyar.

Ta buɗe tagogin, ta dawo ta tsaya a tsakiyar falon tana kallon amfilifayar kamar ana jiran ta yi magana. Tsoro take ji. In Baba ya dawo ya tarar da haka, kuma aka ɗora wa Mai Rediyo, to ƙofar da aka tura ce za a sa mata kwaɗo. Wata biyu tana bin umarnin Baba, ko gaisuwa ba ta aika ba, tana jiran ya huce. Yau in ta kira ta saɓa, in ba ta kira ba ta rasa shi.

Ta ɗauki wayarta ta kira Mai Rediyo. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Auta." Daga jin yadda ya faɗa ta san a tsaye ya miƙe. "Lafiya? Baba ne?"

Kuka ya ƙwace mata. Da ƙyar ta haɗa maganar, rabi a gaba rabi a baya. Bai katse ta ba sai da ta ambaci yankan waya.

"Sababbin, kowace tana da wayar wutarta ta kanta?"

"E."

Ya ja dogon numfashi. "Kada ki sake kunna komai. Ki zare duk abin da ke jikin bango. Ina zuwa. Amma Auta, ba zan shigo ba. Ya ce kada in taka gidansa, kuma ba zan taka a bayan idonsa ba."

"To wa zai gyara?"

"Ke."

Tagar falon ta baya lungu take kallo, wani siririn lungu da ba mai bi sai masu zubar da shara. Bayan minti ashirin ta ji an ƙwanƙwasa ƙarfen tagar. Yana tsaye da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya bar babur ɗinsa can bakin titi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ga hakan, shi ma ya ga idanunta.

"Juyo da ita bayanta ya kalle ni. A hankali, tana da nauyi ta hagu."

Ta juya ta. Bayan cike yake da ramuka da dunƙulen ƙarafa, rubutun jikinsu duk ya dushe. Wayoyin Manaja suna maƙale a manyan dunƙulen ja da baƙi, gashinsu a barbaje.

"Kin ga inda ya ɗaura? Nan ne wurin tsofaffin. Su ba su da ƙarfin kansu, sai amfilifaya ta tura musu. Waɗannan sababbin kowace da tata amfilifayar a cikinta, shi ya sa take shan wuta da kanta. Ɗan siririn sauti kawai suke so, su ƙara masa ƙarfi. Shi kuma ya ɗura musu ƙarfin gaba ɗaya, kamar mutum ya ce ki ba shi ruwa a kofi ki sa masa tiyo a baki."

"Ta mutu ke nan?"

"Ban sani ba tukuna. Kwance wayoyin. Duba ko akwai gashin da ya taɓa ɗan'uwansa."

Dunƙulen ya ƙi juyawa. Ta goge hannu a zani ta sake. Can ta ga wani gashin waya guda ɗaya, siriri, ya tsallaka daga ja zuwa baƙi, bakinsa ya narke ya yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "In muna da rabo, fis ne ya tsinke kafin wutar ta kai ciki. Kin ga wani baƙin murfi kusa da wayar wuta? Karɓi wannan."

Ya zuro sukuddireba ta tsakanin ƙarafan. Ta murɗe murfin, wata 'yar kwalba ta faɗo a tafinta, cikinta ya yi duhu. Ya karɓa ya ɗaga ta sama yana karanta lambar jikinta, ya buɗe wata gwangwanin alawa yana tona. Agogo ya ce huɗu saura minti goma.

"Yi sauri, don Allah."

"In na ba ki wanda ya fi ƙarfinta, gaba ba fis ne zai ƙone ba." Ya ci gaba da tonawa kamar ba shi ake jira ba. Wannan halin nasa ne ya sa ta so shi, kuma yau ji take kamar ta shaƙe shi.

Da ya miƙo mata sabon, bai sake shi nan take ba.

"Akwai maganar da ban so ki ji a bakin wani ba. Kawuna ya buɗe shago a wani gari, ya ce in je in riƙe masa. Umma ta ce in tafi. Ta ce ta gaji da ganina ina ajiye abinci yadda aka kawo shi."

Ta dafa kabad.

"Yaushe?"

"Ƙarshen wata."

"Kwana tara ke nan." Hawaye suka sake zubo mata. "Ka yanke shawara ba ka gaya min ba."

"Ta ina zan gaya miki? Ke kika ce mu bi maganarsa, na bi. Kullum sai na wuce ta bakin titin nan da safe, ko mayafinki ban taɓa gani ba."

"Da ka yi shiru ranar nan. Da ka ce ka gyara, ka karɓi godiya ka tafi. Da yanzu an wuce wurin."

"Na sani."

"Ka sani, ka faɗa?"

"Auta, ke da bakinki kika ba ni labarin ranar da mota ta kusa kwashe shi a tsallaka titi, direban yana ta hon ta hagunsa bai waiga ba. Kika yi kuka a kan benci a ƙofar shagona. Da na ce masa na gyara, zai ƙara shekara nawa yana zargin ƙarfe?" Ya sunkuyar da kai. "Inda na yi kuskure, ban jira abokansa sun tashi ba. Wannan kam ina nadamarsa kullum."

Ta share ido da bayan hannu. "In na ce kada ka tafi fa?"

"In zauna ina jiran me? Gwaggonki ta gaya wa duk unguwa an kusa sa rana."

"Ni ban amsa ba."

"Ba ki ƙi ba kuma."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Tsoron Baba ya hana ta cewa e, ya hana ta cewa a'a, ta zauna tana jiran abin ya warware kansa. Ta buɗe baki, ya riga ta.

"Lokaci na tafiya. Sa fis ɗin."

Ta sa, ta murɗe murfin. Ya nuna mata wasu ƙananan ƙarafa biyu masu lanƙwasa, kowanne ya haɗa ramuka biyu a can ƙasa.

"Waɗannan su ne gadar da ke kai siririn sautin zuwa ɓangaren ƙarfi. Zare su, ki adana, kada su ɓata, ba a samun irinsu yanzu. Ramukan sama su muke so. Akwai wasu can gefe na ɗaukar kaset, su ma za su yi, amma in muka bi ta nan babban abin murɗa muryar ba zai yi aiki ba. Kin san Baba da abin murɗawarsa."

Duk da halin da take ciki sai da ta ɗan murmusa. Ta zare ƙarafan ta dunƙule su a hannu. Ya zuro mata sabuwar waya mai kai biyu, ja da fari.

"Ja na dama, fari na hagu. Ɗaya bakin kuma kowanne a bayan lasifikarsa. Yanzu ki mayar da duk abin murɗawa ƙasa, na amfilifaya da na bayan lasifikokin. Duka. Amfilifaya za ki fara kunnawa, su daga baya."

Ta mayar da wayoyin wuta bango. Ta ɗora yatsa a maɓallin ta kasa dannawa.

"In ta sake yin hayaƙi fa?"

"Sai mu san inda muke. Danna."

Ta rufe ido ta danna. Wani ɗan ƙas ya fito daga ciki. Da ta buɗe ido koriyar fitilar tana ci. Ta zauna a ƙasa.

Ta kunna lasifikokin, ta sa kaset ɗin da Baba ya bari a ciki, ta ɗaga muryar kaɗan-kaɗan yadda ya ce. Kiɗan ya fito tas, ya cika falon. Ta juyo tana dariya da hawaye, sai ta ga shi bai yi dariya ba. Ya karkata kai yana saurare.

"Kai kunnenki kusa da ta hagu."

Ta kai. Fitilarta tana ci, amma ko numfashi babu.

"Ita ce ta yi hayaƙin. Bakinta ya ƙone, sai an buɗe ta a shago, aikin yini guda ne. Kashe, mu ga ko..."

Ƙofar falon ta buɗe.

Kiɗan ne ya hana su jin tsayawar mota. Baba ne a gaba da ledar magani a hannu, ya dawo da wuri, sun haɗu da su Gwaggo a ƙofar gida. Mai Rediyo ya ja da baya ya jingina da bangon lungun. Auta ta tura sukuddireban ƙarƙashin kabad da ƙafa.

Manaja ya shigo a baya fuskarsa kamar wanda za a kai kotu, ba mai gyara ba dalilinsa. Da ya ji kiɗa, ya ga koriyar fitila, nan take kafaɗunsa suka dawo wurinsu.

"Baba, na ce bari in ba ka mamaki kafin ka dawo."

Baba ya tsaya yana kallon amfilifayar da aka juya. "Na ce kada a taɓa."

"Ai ɗanka ne ya taɓa, ba bare ba," in ji Gwaggo da sauri, tana hararar Auta ta gefen ido. "Zauna dai ka ji."

Ya zauna a kujerarsa da ke tsakiya, ya sa Auta ta gyara wa amfilifayar zama. Ya miƙa hannu ya kama babban abin murɗawar ya ɗaga. Kiɗan ya ƙaru. A hankali fuskarsa ta saki, irin sakin da Auta ta manta rabon da ta gani.

"Kun ji ko?" ya ce. "Kun ji? Ga dama, ga hagu, duka suna fita. Na ce muku ba kunnena ba ne."

"Ƙwarai kuwa, Baba," in ji Manaja. "Ta hagun ma kamar ta fi ƙarfi."

"Wallahi har cikin ƙirjina nake jin ta," in ji Gwaggo. "Yaro ya zo ya tozarta ka a banza. Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za ka ba wa wannan bawan Allah rana, iyayensa su zo."

Baba ya gyaɗa kai. "Su zo ranar Asabar, in ita ta yarda." Ya juyo. "Auta, ke ba ki ce komai ba. Wancan ya ce ubanki kurma ne, wannan ya kawo magani. Kina da kunne. Ki gaya min wa ya yi gaskiya."

Ta kalli ledar maganin da ke cinyarsa. Ta kalli Gwaggo, wadda ta zare mata ido tana girgiza kai a hankali. Ta kalli tagar, babu kowa a jikinta sai hasken rana, amma ta san yana ji. Kalma ɗaya za ta faɗa Baba ya kwana da farin ciki, kuma kwana tara masu zuwa su wuce da abin da suka zo ɗauka. Ba ta taɓa musa wa Baba magana ba tun da aka haife ta.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba ni hannunka."

"Me za ki yi da shi?"

"Don Allah."

Ya ba ta. Ta tashe shi tsaye ta kai shi gaban lasifikar dama ta ɗora tafinsa a fuskarta. Kiɗan yana bugun tafin, har yatsunsa suna motsi. Ta ja shi zuwa ta hagu ta ɗora.

Ya tsaya. Ya ƙara danna tafin. Ya sa ɗaya hannun ma.

"Auta, kada ki..." Gwaggo ta fara.

"Ta ƙone tun ƙarfe uku, Baba," Auta ta ce, da ƙarfi yadda zai ji, hawaye na zuba. "Ba ta yi magana ba tun da ka shigo. Ka yafe min."

Baba bai cire hannunsa ba. Kiɗan yana ta yi ta gefe ɗaya, babu wanda ya motsa. Ta zuba ido a wuyansa inda jijiya take bugawa, tana jiran ya dafe ƙirji, tana addu'a a zuci ba ta ma san me take cewa ba.

A hankali ya juyo ya kalli Manaja.

"Ta fi ƙarfi, ka ce."

"Baba, wato, yadda ɗakin yake, sautin yana..."

"Yaya, ke kuma har cikin ƙirjinki."

Gwaggo ta kau da kai. "Don lafiyarka na yi."

Ya koma ya leƙa bayan amfilifayar. Shekara arba'in yana goge wurin, ya san kowane rami. "Ina ƙarafan nan biyu?"

Manaja ya kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli silin. Auta ta buɗe tafinta. Ta matse su har sun yi mata shaida a fata.

"Manaja ne ya haɗa a wurin da ba daidai ba, ta mutu. Ni na tashe ta."

"Ke? Wa ya koya miki?"

Ta dube shi.

"Ni na kira shi, Baba. Laifina ne. Bai shigo ba, ya ce ba zai taka gidanka a bayan idonka ba. Yana lungu. Kuma tunda ka ce sai in na yarda, ban yarda da Asabar ba."

Inuwa ta rufe tagar. Mai Rediyo ya matso ya rusuna a bayan ƙarafan, jakarsa a ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

Baba ya kalle shi ya daɗe. Bai amsa gaisuwar ba. Ya miƙa hannu ya kashe amfilifayar, shirun ya sauko wa falon gaba ɗaya. Ya koma kujerarsa ya zauna da ƙyar kamar wanda aka ƙara wa shekaru, ya ɗora ledar maganin a ƙasa.

"Yaya, ki raka baƙonki. Ya sauke min lasifikokina kafin ya tafi."

"Haba, a kan ɗan wannan..."

"Ki raka shi."

Suka fita, turaren ya bi su. Auta tana nan durƙushe, ta kasa ɗaga kai. Ta san fushin Baba mai faɗa, ta san mai shiru, wannan kuwa ba ta taɓa ganinsa ba. Hannunsa ɗaya yana kan kunnensa na hagu, yana shafa shi kamar abin da aka ba shi aro.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Shekara biyu, Baba."

"Dukanku."

Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

Ta ji ƙarar sauke lasifikoki a tsakar gida, ta ji motar ta tashi. Sannan Baba ya yi magana, bai kalle ta ba, bai kalli tagar ba.

"Ce masa ya zagayo ta ƙofa."

Ta ɗago da sauri tana neman wani abu a fuskarsa, ko sassauci ko akasinsa. Ba ta samu ba. Ta waiga, tagar babu kowa, ya riga ya ji. Ta ji takunsa a lungun, ta ji ya tsaya a ƙofar gida, ta ji sallamarsa.

"Tashi daga nan," Baba ya ce mata. Ya jawo ƙaramar kujera da ƙafa ya ajiye ta a damansa. "Nan zai zauna. Abin da zai faɗa ina so in ji shi da kyau, kuma abin da zan faɗa masa ba zan maimaita ba."

Auta ta ja jiki ta jingina da bango, ƙarafan nan biyu a dunƙule a hannunta. Labulen ƙofar ya motsa.